Masu zuwa Antalya, a ina kuke cin abinci?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san yankin Antalya na ƙasar Turkiyya, can bakin tekun Bahar Rum. In Allah ya yarda za mu je hutu a watan Agusta, ni da maigida da yara da mahaifiyarsa. Mun kama masauki a unguwar Lara, amma karin kumallo kaɗai ke cikin kuɗin, na rana da na dare mu za mu nema. To ina ake samun abinci mai kyau, mai tsabta, wanda ba za a tsawwala mana ba don an ga baƙi ne? Hajiya tana da ciwon suga, kuma ko kusa ba za ta zauna inda ake shan giya ba. Yaran kuwa in ba shinkafa ba sai rigima. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Alhaji_Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, tun da sauran lokaci, ki ce wa maigida ya canza masaukin. Ku kama otal irin wanda aka haɗa komai a kuɗi ɗaya, ci da sha safe da rana da dare. Antalya da su ta yi suna, Lara da Belek cike suke da su. Kuna da tsohuwa kuna da yara, ga zafin Agusta wanda wani lokaci yakan haura digiri 40, ga gumi saboda teku. Ba lokacin yawon neman gidan abinci ba ne. Ni da na kai iyalina haka muka yi, hankalinmu kwance.

Sadiq_Akdeniz:
Baba Alhaji, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. A garin nake karatu, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutanenmu su biya kuɗin jirgi su zo har nan, su koma gida ba su ɗanɗana abincin garin ba. Abincin manyan otal ɗin nan an dafa shi ne don ya shiga bakin Bajamushe da ɗan Rasha da Bature ɗan Ingila gaba ɗaya, shi ya sa ba gishiri ba yaji.

Anti Maman Ilham, abin da za ku nema shi ne gidan abincin da suke kira lokanta, musamman wanda aka rubuta Esnaf Lokantası a ƙofarsa. Na ma'aikata ne da 'yan kasuwa. Kina shiga za ki ga tukwane da farantan ƙarfe jere bayan gilashi suna tururi: farar shinkafa da man shanu, farin wake a miyar tumatir, naman rago da dankali, kaza, gauta irin doguwar nan da niƙaƙƙen nama, miyar adas. Ba kya buƙatar yarensu, da yatsa za ki nuna, a zuba miki a gabanki. Burodi yana kan tebur. Ba a sayar da giya a irin waɗannan wuraren. Sai dai lokacinsu rana ne, tsakanin sha biyu zuwa biyu. Wanda ya je bayan la'asar ragowa zai tarar, wasu ma ba sa buɗewa ran Lahadi.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri ƙanina. Amma a Lara ɗin akwai su, ko sai mun shiga gari?

Sadiq_Akdeniz:
Akwai, amma ba a bakin ruwa ba. Ku ba teku baya ku shiga cikin unguwa, inda za ku fara ganin shagon aski da mai gyaran waya da kantin magani. A tsakiyar gari kuma sun fi yawa a wajen masallacin Muratpasha da titin Sharampol. Bas mai lamba KL08 yana ɗaukowa daga Lara ya ratsa gari har Konyalti.

Ummu_Khalil:
Abin da zan ƙara kawai shi ne maganar kifi, don kar abin da ya same mu ya same ku. Mun sauka tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke ƙasan Kaleici, wato tsohon gari, da yamma, wurin ba a magana wajen kyau, ganuwa ta dā a bayanka, kwale-kwale a gabanka. Wani ma'aikaci ya tare mu a hanya da fara'a, har da "salamu alaikum", ya ja mana kujeru. Kafin mu ce komai ya zo da wani babban faranti mai ƙananan kwanuka, su madara mai tafarnuwa, su dakakken barkono, su ganye a man zaitun, ya ce mu zaɓa. Ya kawo ɗanyen kifi a tire ya nuna mana, muka ce to. Da takardar kuɗi ta zo sai da maigida ya cire tabarau ya sake dubawa. Ashe kuɗin da ke rubuce na kilo ɗaya ne, kifin kuma ba a auna shi a gabanmu ba, kowane ɗan kwano da kuɗinsa, har ruwan da aka buɗe ba mu tambaya ba. Ba mu da bakin gardama, muka biya muka tashi. Har yau abin yana min ciwo, don ba kuɗin ba ne kaɗai, yadda aka yi mana dariya ana zuba mana ne.

Abu_Fatima_Zariya:
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri.

Sadiq_Akdeniz:
Anti Ummu Khalil, Allah ya ba da haƙuri. Don amfanin saura: tun 1 ga Janairun 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci a Turkiyya su kafa jerin farashi a bakin ƙofa, su kuma ajiye a kan tebur. In ba ku gani ba ku wuce. In kifi ne, a ɗora shi a sikeli kuna kallo, a faɗi kuɗinsa gaba ɗaya, ku rubuta a waya ku nuna masa ya gyaɗa kai, sannan a kai wuta. Ƙananan kwanukan nan sunansu meze, sayarwa ake yi. Abin da yake kyauta za su ce "ikram", yawanci shayi ne bayan an gama ci.

Injiniya_Bash:
Akwai abin da masu zuwa da bazara ba sa sani game da kifin. Daga tsakiyar Afrilu har zuwa Satumba an hana manyan jiragen kamun kifi aiki a tekunan Turkiyya don kifi ya hayayyafa, ƙananan masunta ne kawai ke fita. Saboda haka a Agusta kifin teku na gaske kaɗan ne kuma da tsada. Guda biyun da za ku gani ko'ina, levrek da cipura, akasarinsu na kiwo ne, daga kejin da ke cikin teku a wajen Mugla da Izmir. Ba aibi ba ne, suna da daɗi in an gasa su da gawayi an matsa lemon tsami. Abin da ba daidai ba shi ne a sayar maka da na kiwo a kuɗin na teku. Na kiwo za ka gan su kusan girma ɗaya kamar an auna, kuma ana sayar da su ne da ɗai-ɗai, farashi a bayyane. Ga mai iyali wannan ya fi kwanciyar hankali.

Alhaji_Kwari:
To kun gani? Duk wannan lissafin, sikeli, rubutu a waya, wa ke da lokacinsa a hutu? Ɗana Sadiq kai ɗalibi ne, ƙafarka sake take, kana jin yarensu. Baiwar Allah nan da surukarta za ta fita. Ka taɓa jan tsohuwa a kan duwatsun titin Kaleici da azahar?

Hajiya_Turai:
Alhaji, amma ka manta sharaɗin da ta kafa. Yawancin otal ɗin da kake faɗa giyar ma tana cikin kuɗin, tun hantsi ake ɗirka a bakin wurin wanka, a zauren cin abinci ma haka. Ta yaya Hajiya za ta zauna? Kuma wasunsu saboda Turawa sukan ajiye naman alade a gefe, da alama a kai. Kalmar ita ce domuz, kowa ya riƙe ta.

Alhaji_Kwari:
Hajiya Turai, akwai waɗanda ba a shigar da giya sam, wurin wankan mata daban na maza daban, da masallaci a ciki. Sun fi yawa a wajen Alanya. Irinsu nake nufi.

Hajiya_Turai:
Na san da su. Amma Alanya kusan kilomita 130 ce daga Antalya, kuma a Agusta in ba ka kama da wuri ba sai ka ji kuɗin da zai kore ka. Mutane sun riga sun biya nasu a Lara.

Nas_Rukayya:
Bari in yi magana a kan Hajiya mai suga, don naga an wuce wurin. Abincin Turkiyya zai yi mata sauƙi in an lura. Suna da kayan lambu da ake dafawa da man zaitun, koren wake, kuɓewa ƙanana a tumatir, alayyafo, ga gasasshen kifi da kaza, ga miyar adas. A madadin farar shinkafa a karɓa mata bulgur, alkama ce da aka ɓarza, amma shi ma kaɗan. Inda matsalar take shi ne burodi, don kwando ake cikawa a ajiye, yana ƙarewa a ƙaro, mutum bai san ya ci da yawa ba. Sai ruwan lemo da na rumman da ake matsewa a bakin titi, mutane na ɗauka tunda ba a zuba sukari ba babu komai, alhali yana ɗaga suga sosai. Shayi da sukarinsa a gefe yake zuwa, wannan ba damuwa. In tana da hawan jini kuma a lura da ayran, madarar nan da ake damawa, da gishiri a ciki, haka zaitun da cukunsu. Ku tafi da na'urar gwajinta, in tana allurar insulin kar a bar ta a mota ko a jaka cikin rana. Kafin tafiya ta ga likitanta.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai Anti Nas. Maganar ruwan lemon nan wallahi da ba ki faɗa ba shi zan riƙa saya mata.

Ɗan_Maigatari:
Ni ban taɓa zuwa Antalya ba, amma ina harkar riɗi, kuma Turkawa na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya. Kullum ina tambayar kaina me suke yi da shi haka da yawa?

Sadiq_Akdeniz:
Yallaɓai, ai garin da ya kamata ka zo ke nan. Burodin nan mai kamar zobe da ake tallarsa da safe, simit, riɗi ne lulluɓe da shi. Sannan suna niƙa shi ya zama kamar tunkuza mai ruwa, su kira shi tahin. Mutanen Antalya kuwa a komai suke sa shi. Abincin da garin ya fi suna da shi, piyaz, dafaffen ƙaramin farin wake ne a kwaɓa shi da tahin da ruwan tsami da tafarnuwa, a yanka tumatir da albasa da dafaffen ƙwai a kai. A sauran Turkiyya piyaz ɗan rakiya ne a gefen faranti, ba tahin a ciki, a nan kuwa shi ne abincin. Ana cinsa da gasasshen niƙaƙƙen nama, kofte. Akwai kabewa da ake dafawa da sukari a zuba mata tahin da gyaɗar Turawa, wannan dai ban da Hajiya. Su ma suna noma nasu riɗin a Manavgat, amma ba ya isar ƙasar.

Anti Maman Ilham, in za ku ci kofte da piyaz na gaske, ku je Aksu. Jirgin ƙasan cikin gari, AntRay, yana zuwa can, gidajen suna jere a bakin hanya, iyalai ne ke cika su. Kangon tsohon birnin Perge yana kusa, sai ku haɗa biyu in rana ta yi sanyi.

Ɗan_Maigatari:
Ikon Allah. Wato mai yiwuwa buhun da na ɗora a mota a Jigawa ne ake ci a can.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum jama'a. Ni wani taro ya kai ni, kuma abin da ya dame ni shi ne rishin tonka. Abinci ga kyau ga ido amma ba ya motsa baki. Sai da wani direba ya kai ni wurin mutanen Adana da Urfa, masu gasa nama a tsinke mai faɗi. Nan na samu abin da nake so. Ku tambayi Adana kebap, ku ce a kawo ezme mai zahi, wato dakakken tumatir da tonka, da ƙananan barkonon nan da ake jiƙawa a ruwan tsami. Akwai kuma wani baƙin barkono dakakke, isot, yana da ƙamshin hayaƙi. Amma ku taho da yajinku daga gida, shi ya hi.

Ummu_Khalil:
Gaskiya ne Malam Issoufou. Jan barkonon da ke kan teburinsu ado ne kawai a wurinmu.

Abu_Fatima_Zariya:
Ina da tambaya tunda ana maganar abincin teku. Na ga ana tallan wani abu mai baƙin ɓawo a tire da daddare, an cusa shinkafa a ciki, ana matsa lemon tsami. Wani abokina Baturke ya ce shi ba ya ci don bai halatta ba. Gaskiya ne?

Malam_Habibu:
Abin da ka gani shi ne midye. Abokinka ya faɗi abin da ke mazhabarsu ne. Mafi yawan Turkawa Hanafawa ne, kuma a wurin Hanafiyya kifi ne kaɗai ke halatta daga cikin dabbobin ruwa. A mazhabar Imamu Malik da muka tashi a kai, abin da ke rayuwa a teku halal ne, haka ma a wurin Shafi'iyya a mafi shaharar zance. Saɓani ne na malamai tun dā, kada ya zama abin gardama tsakaninka da mai masaukinka. In kuna tare ka bar shi don kyautatawa.

Game da zama inda ake shan giya kuwa, Hajiya ta yi daidai da ta kafa sharaɗinta, kuma a ƙasar ba wuya ba ne a cika shi. Ku duba kalmar alkolsüz a allo, wato babu giya, ko aile salonu, wato zauren iyali.

Nas_Rukayya:
Malam ya yi bayanin hukunci, ni kuma ta fuskar lafiya: abin da ya wuni a tire cikin zafin Agusta, ba ƙanƙara a ƙarƙashinsa, kar a ba yara. In ana so a ci a shago mai firiji inda ake ciniki da sauri.

Zee_Kaduna:
Ni fa duk an bar abin da ya fi burge ni, karin kumallon ƙauye! Ku ware rana ɗaya kar ku ci na otal, ku tafi Cakirlar, bayan Konyalti ta wajen duwatsu. Rumfuna ne a ƙarƙashin itatuwa, wasu da shimfiɗu da matasai a ƙasa, Hajiya za ta miƙe ƙafa yadda take so. Mata na zaune a gaban kasko mai faɗi suna murza ƙullu da siririyar muciya har ya zama kamar takarda, su zuba cuku ko dankali ko alayyafo, su naɗe, su gasa kina kallo. Gozleme ke nan. Yarana da ba sa cin komai sai da muka ƙaro. Shayi kuma butar gaba ɗaya ake ajiye muku. Ran Lahadi akwai kasuwa amma cunkoso ya yi yawa, ku je tsakiyar mako.

Injiniya_Bash:
Na goyi bayan Zee. In kuma kun ɗauki hayar mota, ku bi hanyar Kemer ku wuce zuwa Ulupinar. An kafa tebura a kan ruwan da ke gangarowa daga dutse, ruwan sanyi ƙalau, ana gasa kifin ruwan daɗi. Irin wannan akwai a Dimcayi ta Alanya. Sai dai a irin wuraren nan wasu na sayar da giya, a tambaya kafin a zauna.

Alhaji_Kwari:
Kowa na ta lissafa wurare, Aksu, Cakirlar, Ulupinar. Ku haɗa kuɗin tasi da na hayar mota ku gani ko bai kai bambancin otal ɗin da na faɗa ba. Ni ɗan kasuwa ne, da alƙalami nake magana.

Sadiq_Akdeniz:
Baba Alhaji, ba kullum za su yi nisa ba ai. Rana su ci a lokanta ta unguwa, dare su sayi pide ko lahmajun, wato burodi mai faɗi da nama ko cuku a kai, a gidan gashi, ko kaza gasassa su hau da ita ɗaki. Fita mai nisa sau ɗaya ko biyu. Kuma akwai kasuwar mako a kowace unguwa, su tambayi mai masaukinsu ranar tasu. Agusta lokacin ɓaure ne da inabi da kankana, da araha.

Wata alama da nake ba duk baƙon da ya zo wurina: in ka ga farashi da yuro maimakon lira, ko an rubuta abinci da yare huɗu da hotuna, ko wani na tsaye a ƙofa yana kiranka, ba don 'yan gari aka buɗe wurin ba. Gidan da ya ƙware a abu ɗaya, miya kawai ko kofte kawai, ba ya buƙatar mai kira.

Hajiya_Turai:
Wannan ba kullum ba ne, Sadiq. Na ci abinci mai kyau a cikin Kaleici, a tsakar wani tsohon gida mai bishiyar lemo, da takardar abinci ta Turanci da komai, ba a cuce mu ba. Mun biya fiye da na unguwa, amma mun san don wurin muka biya. Wanda ya zo hutu yana da haƙƙin ya zauna wuri mai kyau ko sau ɗaya, ya shiga ta ƙofar Hadiriyan da aka gina tun shekara ta 130 miladiyya, ya ga hasumiyar Yivli da magariba. Tsada daban, cuta daban.

Sadiq_Akdeniz:
Haka ne Hajiya, na yarda da wannan.

Zee_Kaduna:
Kuma a nan cikin gari ku nemi askirim ɗin da suke kira yanik dondurma, da nonon akuya ake yi, ana barin madarar ta ɗan kama a tukunya da gangan. Ni na so shi, maigidana ya ce ƙauri yake ji. Ku sayi ɗaya ku ɗanɗana tukuna.

Maman_Ilham:
Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya biya kowa. Na karanta wa maigida duka. Shi dai zancen Alhaji ya fi kama shi, yana ta duba otal ɗin Alanya, ni kuma hankalina ya tafi Cakirlar da Aksu. Hajiya ta ce ita in dai za a samu shayi da wurin sallah ba ruwanta. Muna nan muna shawara. Tambaya ta ƙarshe: zan iya tafiya da yaji da kilishi da ɗan garin tuwo?

Injiniya_Bash:
Kilishi kar ki ɗauka, ba a yarda matafiyi ya shiga Turkiyya da nama ko kayan madara ba, za a iya karɓewa a filin jirgi. Yaji ki ɗure shi da kyau a roba mai murfi ki sa a babbar jaka.

Sadiq_Akdeniz:
Garin tuwo ma ba sai kin wahala ba Anti, in masaukin na da wurin girki. Kowane kanti akwai irmik, shi ne samo, da shi muke tuƙa tuwo a nan. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ne babu, su za ki ƙullo.